Gashin-Bakin Mai Gyaran Lantarki

Yaya Medhat,

Gaisuwa daga garin Minya na nan Masar, da fatan kai da Hala da yara kuna lafiya. Ni dai zama ya gagare ni, kuma kai ne sanadi.

Katunan sana'o'in nan da ka zana mana, waɗanda muke ba ɗalibai su zaɓi aikin da ransu ke so, jiya na raba su. Shuruƙ, yarinyar da ta gyara mana fankar aji da bakin cokali, sai ta ɗauki katin ɗinki. Na ce, "Ke da wayar lantarki kamar uwa da 'ya, me ya kai ki keken ɗinki?" Ta ce, "Malama, ai mutumin da ke katin lantarki yana da gashin-baki."

Na duba. Injiniya gashin-baki, direba gashin-baki, har likitan dabbobi. Ranar Alhamis mahaifinta, Ammu Sabri, zai sa hannu a tura ta sashen ɗinki, wai abin da kati ya nuna shi ke nan. Don Allah ka sake zana su.

Ƙanwarka,
Nagwa

Nagwa sarkin ƙorafi,

Muna lafiya. A garinmu namiji ba gashin-baki ai ba a gama zana shi ba. Amma ga sababbi, hannuwa kawai, babu fuska. Yanzu ki bar ni in sha shayina.

Yayanki,
Medhat

Yaya,

Sun iso, na gode, amma Allah ya shirye ka. Hannun ɗinki ka zuba masa awarwaro, na lantarki ka yi masa gashi da ƙaton agogo irin na Baba. Na rasa abin yi, dariya ko kuka. Alhamis ta matso.

A gaida Hala.
Nagwa

Ƙanwata,

Na duba, wallahi ban san lokacin da na sa awarwaron ba. Shayin ya huce. Ga na uku, hannuwa zalla, ba awarwaro ba agogo, ki sanar da ni yadda aka ƙare.

Medhat

Yaya,

Gaisuwa. Shuruƙ ta daɗe tana juya katin lantarkin, sannan ta ce, "Malama, wannan hannun mace ne ko na namiji?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To nawa ne."

Ammu Sabri bai sa hannu ba, ya ce zai yi tunani. Amma yau da safe ya aiko da rediyonsa da ya mutu, a cikin kwali, ya ce a ba ta ta duba.

Ka huta lafiya.
Nagwa