Da Kiyashi Na Riƙa Auna Sugana

Zuwa ga Shugaban ma'aikatan lafiya masu duba ciwon suga a yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni manomi ne daga wajen Dalijan, ban yi boko ba. Ɗiyata da ke aure a Kalgo ita ke rubutawa, na kuma ce kada ta gyara mini magana. A garinmu in an yi gardamar iyakar gona ni ake kira, domin na san inda kakan kowa ya kafa dutse. Yanzu idona na tafiya, kuma da ido ake nuna iyaka.

Na farko. Damina huɗu ke nan da aka soke mini yatsa a asibiti aka ce ina da suga. Aka rubuta lamba a kati, aka ba ni ƙwayoyi, aka kira na bayana. Na koma sau biyar, kullum haka. Ba wanda ya gaya mini ko lambar nan mai kyau ce ko mummuna. Na tambaya sau ɗaya, ma'aikaciyar ta ce in ci gaba da shan magani, idonta na kan layi. Ban ga laifinta ba, ita kaɗai ce, mu kuwa mun cika baranda.

Na biyu. Da ban samu bayani wurinku ba, sai na koma ga abin da na gada. Tsofaffinmu suna duba inda mutum ya yi fitsari. In kiyashi ya taru, akwai zaƙi a jiki. Kowace safiya nakan duba, kuma yana taruwa. Wata rana ya daina. Na yi mako ina dubawa, ko ɗaya babu. Na yi hamdala, na ajiye ƙwayoyin, na koma shan hurata da zuma, tunda suga aka hana ni, ba a ambaci zuma ba. Ashe ɗana ne ya yi wa makewayin siminti ya fesa maganin ƙwari. Ina gani aka yi aikin, amma ban haɗa shi da ciwona ba. Mai ɗakina ta yi ta cewa in koma a auna ni, na ce mata na girmi na'urar awon. Wannan taurin kaina ne, na ɗauka. Shekara guda na yi haka.

Na uku. Bana aka ɗauke ni a babur zuwa wata gona wajen Masama, 'yan'uwa biyu na jayayya. Na tsaya na rasa tsamiyar da nake lissafi daga gare ta, tana gabana. Daga nan aka kai ni asibiti. Likitan ido ya ce sugan ya ci jijiyoyin, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin tsare saura. Shi ne mutum na farko da ya zauna ya gaya mini cewa suga na iya hawa mutum bai ji komai ba, kuma jini kaɗai ke nunawa. Maganar ba ta kai tsawon alwala ba.

Ranka ya daɗe, ba diyya nake nema ba. Roƙona, duk wanda aka auna a faɗa masa da Hausa abin da lambarsa ke nufi, da ranar da zai dawo. A gaya masa ƙarara cewa kiyashi ba awo ba ne, kuma zuma ma zaƙi ce. A riƙa kawo na'urar ƙauyuka ranar kasuwa, a sanar a masallatan Juma'a. Na san tsofaffi uku a unguwarmu da har gobe makewayi suke dubawa. Na yi musu magana, sun ce ai a da ni ma da maganar duba kiyashin na yi ta fama da su.

Ni dai na fara zagaya gonaki da duk wanda ya yarda ya bi ni, ina dafa duwatsun ina faɗin masu su. Gonakin na da yawa, ban sani ba ko zan gama.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya tsare maka ganinka, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Mamman Ɗan-Ige, daga wajen Dalijan, ƙasar Gwandu.