Kulkulu a Reshen Gwaibarka

Zuwa ga yayana, Hamma Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan wasiƙa ta same ka a duk inda Allah Ya ajiye ka. Mahaifiyarmu Dada tana nan, sai dai idanu sun yi rauni. Unguwarmu Demsawo lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai bana, gwaibar tsakar gida ta yi 'ya'ya har rassa na rinjaya.

Ka tuna yadda Dada ta raba mana bishiyar nan don kada mu kashe juna? Kowa da reshensa. Kai ka zaɓi na sama, wanda ya leƙa katangar maƙwabciyarmu Mama Rifkatu, wai babba ba ya cin na ƙasa. Tun ranar da ka tafi Mubi ɗauko Goggo, lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka shiga garin, jama'a na gudowa a ƙafa, babu wanda ya taɓa shi. Goggo ta iso da ƙafafu a kumbure. Kai ba ka iso ba, ba gawa, ba labari. Dada ta ce a bar maka gwaibarka, ba ka son a taɓa maka kaya.

To, tsuntsayen nan kulkulu ba su san da wannan doka ba. Da hantsi suke zuwa su biyu, masu ruwan toka da doguwar jela, su sauka a reshenka su kwashe da dariyar nan tasu kamar an ba su labarin wani wawa. Mama Rifkatu takan ce ko ƙararrawar makarantar da take koyarwa ba ta kai su ba. Da farko haushi suke ba ni. Daga baya sai na tsinci kaina ina jiran su.

Kyamararka na ɗauko, wadda ka hana ni ko shafawa. Sai ka zo ka yi faɗa. Na shafe damina ina fakon su a bayan randa, abin da nake samu bai wuce jela da ganye ba. Wani lokaci ina leƙe ta gilashin, rana na ratsa ganye, sai hayaniyar gida ta yi nisa. In ji kamar da idonka nake kallo, kamar kana tsaye a bayana kana cewa in daina huci kamar saniya.

Ranar Talata na dace. Ɗaya ya tsaya cak, tukku a miƙe, rawayan bakinsa a wangale. Na ruga wajen Dada, na ƙara mata girman hoton. Ina jiran ta yaba tsuntsu, ashe ba shi take kallo ba. Shekaru ke nan idonta bai kai saman bishiyar ba. A hoton ta ga gwaibarka, wasu a ƙwaƙule, wasu sun ruɓe a rataye har sun yi baƙi. Sai ta ce ashe tsuntsu take yi wa ajiya.

Bappa ya daɗe yana roƙon ta a tara mutane a yi maka addu'a, ita kuwa tana cewa ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa. Da yammar nan ta aika aka kira shi. Jumma'a za a yi. Ta ce a tsinko reshenka kaf, a raba wa maƙwabta tare da gumba.

Hamma, hoton nan yana yi mini ciwo. Dariya kawai na so in ba ta. Amma jiya na ga ta sallame la'asar, ba ta juya ta dubi ƙofa kamar yadda ta saba tun tafiyarka ba.

Gobe da kaina zan hau bishiyar. In kana raye, ka yafe mana, ka taho, bishiya za ta sake yi baɗi. In kuwa ka riga mu, Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka ko a wane daji yake, Ya sanyaya zuciyar Dada. Amin.

Ƙanwarka mai kewarka,
Dija