Ka Cire Muryar Inna Daga Bidiyonka

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin Turai, ina sanar da kai bidiyonka ya iso Dogon Dutsi. Tunda ba ka ɗaga waya, a nan zan rubuta, inda masu yi maka tafi za su gani.

Mun ji jami'arku na neman gudummawa don adana adabin baƙar fata, a kuma ba ɗalibai bursu, wato tallafin karatu. Madalla, ba mu ƙi ba. 'Ya'yan Arewa da yawa rashi ya raba su da karatu. Amma da muryar wa ka buɗe roƙon?

Ka tuna hutun da ka zo da rakoda, ka ɓoye ta bayan randa ka fice? Inna na niƙa, tana zaton ita kaɗai ce, ta ja waƙarta har ta ambaci sunanka. Kai ne ɗan farinta. Tun da ta haife ka bakinta bai taɓa kama sunan nan a gaban mutum ba, "wancan yaron" take cewa, har ka yi furfura. Kada ka ce boko ya mantar da kai, ka sani sarai. Daidai wurin ka yanko, har da fassara a ƙasa, don Turawa su share hawaye su buɗe jaka.

A wajen wani suna a Matankari wata mata ta kunna bidiyon a waya, mata suka ɗauki shewa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ko ruwa ba ta sha ba. Ban taɓa jin haushinka kamar ranar ba.

Tun daga nan ta daina waƙa. Jikoki sun roƙa, ta ce ta manta. Kana can kana ceton waƙoƙin duniya, ta gidanku ka kashe da hannunka.

Duk da haka, da na ce sai na tona maka asiri, hana ni ta yi. Ta ce, "Ƙyale shi, kewa ce." Wataƙila gaskiyarta. Ka so ka ji uwarka ta kira ka ko sau ɗaya, na gane. To da ka ji, sai ka bar wa kunnenka.

Ka cire shi, Yaya, ka zo ka durƙusa tun tana da rai. Allah ya buɗa wa ɗalibanka, ya buɗe bakin Inna, kai kuma ya dawo maka da kunyar da ka bari a gida.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Hadiza