Manhajar Albasa da Shawarar Sodangi

Malama Safinatu, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ni ɗan Bodinga ne. Shekara biyu na yi ina rubuta manhajar waya da ke gaya wa manoma farashin albasa da ranar da za su juya ta a rumbu kafin ta ruɓe. Daga Dingyadi har Dandin Mahe ana amfani da ita kyauta. Da zan saki rubutun da aka gina manhajar da shi ga jama'a, na so in sa mata lasisi, wato takardar izinin amfani, wanda ke tilasta wa duk wanda ya gyara ta ya buɗe gyaransa ga kowa. Aminina Sodangi, wanda muka yi firamare tare a Shagari, ya hana ni, wai kamfanoni ba sa zuba jari inda za a sa su tona aikinsu. Sai na ɗauki mara sharaɗi. A wurinmu in ka ba maƙwabci irin albasa ba ka cewa ya mayar, da kansa yake kawo maka mafi kyau in ya cire amfani. Ni da wautata, haka na zaci duniya take.

Yanzu wani kamfani ya ɗauke ta, ya ƙara mata abubuwa, ya kulle, yana sayarwa. Kuma Sodangi ma'aikacinsu ne. A bakin wani na ji! Wallahi na ji ciwo. So nake in rufe tawa kowa ya rasa.

Mai Albasa, Bodinga

Ɗan'uwa, dole ka ji ciwo, amma kamfanin bai yi sata ba. Ka rubuta a ɗauka, ya ɗauka. Sodangi ma bai yi ƙarya ba: masu jari sun fi son lasisi mara sharaɗi, don su mallaki abin da suka kashe wa kuɗi. Laifinsa shirun da ya yi maka. Ka same shi ido da ido, ka tambaye shi ko ya san zai yi wa kamfanin aiki tun ranar da ya ba ka shawara.

Abin da ka saki ba ya janyuwa. Amma sabon da za ka rubuta naka ne. Ka sa masa sharaɗin mayarwa, kamfanin da bai so ba, sai ya sayi izini na daban a hannunka. Ka nuna wa lauya tukuna.

Kada ka rufe. Kamfanin yana da kwafinsa, Sodangi yana da albashinsa. Albasar da za ta ruɓe ta manomin Dandin Mahe ce, shi kuwa bai yi maka komai ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya.

Safinatu