Gishiri a Cikin Kurban

Nazlat Tadros, 6 ga watan Tuba a lissafin coci

Zuwa ga ɗan ƙanwata Shuhdi, a Iskandariya.

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ka, da matarka Nargis, da 'yan matanku biyu. Ni ne kawunka Bisada mai toya kurban, gurasar jibin Ubangiji. Usta Fahim wanzami ne ke riƙe da alƙalami, don ka san ni ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. In ka ga kalmar da ta fi ƙarfin bakina, tasa ce.

Abuna Salib ya huta. Mun binne shi bayan coci kwana arba'in da suka wuce. Tun daga ranar cocinmu ba firist. Lahadi biyu an aro mana wani daga tsallaken kogi, ya yi sujada kamar ana korarsa, ya koma kafin shayinsa ya huce. Jarirai uku na jiran baftisma. Tsohuwa Marsa ta mutu ba wanda ya kai mata jibin Ubangiji. Ni kuwa ina tashi in hura tanderu, sai in tuna ba wanda zan toya wa.

Maza sun zauna a farfajiyar coci don a fitar da sunan sabon firist da za a kai wa Sayyidna Bishop. Aka yi ta kewaye-kewaye, har na buga sandata na ce Shuhdi. Gida arba'in da ɗaya sun dangwala yatsa. Gidan Ayyad ne kawai suka ƙi, su tara. Sayyidna zai zo ranar Lahadin da ke kafin Babban Azumi, ya tambayi jama'a ko akwai mai ja, sannan ya ɗora maka hannu ka zama firist.

Ka tattara ka taho. Ba tambayarka nake yi ba.

(Ni Fahim na ƙara: Shuhdi, ka zo ka cece mu. Tsohon nan kullum yana shagona, ba aski yake so ba, kujera kawai ya tare.)

Kawunka, Bisada.

*

Iskandariya, 22 ga Janairu, 1979

Zuwa ga Kawu Bisada, da girmamawa mai yawa.

Bayan sumbatar hannunka, ina fata kana lafiya. Wasiƙarka ta iso. Na yi kukan Abuna Salib. Allah ya hutar da ransa tare da tsarkaka.

Kawu, na gode wa jama'a, amma ba zan iya ba. Shekara ashirin da biyu rabona da zaman ƙauye. Aikina a nan gidan tsofaffi na coci shi ne wanka da juya marasa lafiya da zubar da fo. Ban yi makarantar tauhidi ba sai darasin yamma na shekara biyu. Waƙoƙin da na iya a dā, rabinsu sun zube. A nemi wanda aka shirya domin wannan aiki. Akwai Mitri na gidan Ayyad, ya yi karatu.

Ina roƙonka kada ka sake ambata sunana.

A gaishe da Usta Fahim, a ce ya yi haƙuri da kujerarsa.

Ɗanka, Shuhdi.

*

Nazlat Tadros, 22 ga watan Tuba

Shuhdi.

Salama, ko da yake ba ka bar mini ita ba. Fahim ya karanta mini wasiƙarka sau uku. Na ce ya sake, ya ce, "Ammu Bisada, ko sau ɗari na karanta, a'a ɗin nan ba za ta zama i ba." Na ce ya yi aikinsa.

Wai wanda aka shirya! Kai ka san yadda Allah ke shirya mutum? Ni na ga firistoci huɗu a cocin nan, kuma na san daga inda aka ɗauko kowanne. Abuna Wisa mai jan raƙumi ne, yana kai rake masana'anta. Shekara goma sha biyar yana lallashin dabbar da ke tofa masa yawu, shi ya sa da ya zo kan mutanen garin nan bai ga baƙon abu ba. Abuna Salib da kake wa kuka, shi ke raba ruwan ban-ruwa tsakanin gonaki. Mutumin da ya iya tsayawa tsakanin manoma biyu da fartanya a hannu, me rikicin miji da mata zai yi masa? Ba ɗayansu da ya san ana shirya shi. Kowa ya ɗauka wahala ce kawai yake sha.

Kai kuma ka ce fo kake zubarwa. To mene ne aikin firist? Ka ɗauka turare ne da farar riga? Ina da labarinka. Wadi' direba ya faɗa mini ya iske ka kana aske wa wani tsoho gemu, tsohon na zaginka, kai kuwa kana rera masa Zabura. Ya ce mutum nawa suka cika a hannunka, ba ka san adadi ba. A garin nan akwai tsofaffi goma sha huɗu da ba sa iya tashi. Na ƙidaya su. Mitri ya yi karatu, gaskiya ne, amma uwarsa ta shekara biyu a kwance, ƙofar ɗakinta yake tsayawa ya gaishe ta yana toshe hanci.

Yanzu ga abin da nake zato ya hana ka. Gidan Ayyad suna yawo da tsohuwar maganar gishiri, tunda kurban ba a sa masa ko ƙwaya. Jiya Ayyad babba ya tare ni bakin rijiya, ya ce, "Bisada, wanda ya zuba gishiri a kurban shi za ka ba bagade? Gobe kuma sai ya zuba mana barkono a kofin jibi." Mutane suka yi dariya. Na ce masa, "Kai da aka yi wa baftisma shekarar fari, ruwan bai kai kanka ba, shi ya sa." Suka fi yin dariya. Ya ce a gaban Sayyidna zai tayar da maganar.

Ya tayar mana! Wannan abu ya daɗe. Kana ɗan shekara ashirin. Ka ce kuskuren ƙuruciya ne, a wuce wurin. Sayyidna ba zai hana ka don wannan ba.

Ba na iya zama wuri ɗaya. In je coci, in dawo, in je shagon Fahim, in koma coci. Ka ba ni amsa.

Kawunka.

*

Iskandariya, 6 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga Kawu Bisada.

Ina gaishe ku da ladabi, ina sumbatar hannunku. Ni ce Nargis. Shuhdi bai san na rubuto ba. Ina roƙo wanda zai karanta muku wannan ya zama mai riƙe baki.

Kawu, tun da wasiƙarku ta farko ta zo mijina bai ci abincin kirki ba. Yana fita aiki ya dawo ya manta jakarsa. Ya ɗauko tsohon littafin waƙoƙinsa ya ajiye, ya sake ɗauka. Mutumin nan yana son aikin firist. Tun kafin ya aure ni yake so. Ni ma na yarda, ko da yake na san zan bar famfo in koma ɗaukar tulu.

Shekaranjiya na tsare shi a ɗakin girki, na kira shi da sunan babbar 'yarmu, na ce, "Abu Demiana, wallahi ko ka faɗa mini ko in kwashi yara in tafi gidanmu." Ya ce, "Ke dai da gidanku, tasha biyu ce fa a jirgin cikin gari." Na ce, "To zan yi tasha biyun." Sai ya zauna a kan buhun shinkafa ya faɗa mini.

Ya ce ba zai iya ce wa Sayyidna kuskuren ƙuruciya ne ba, domin bai yi ba. Ba zai tsaya gaban bagade ranar da za a ɗora masa hannu ya fara da ƙarya ba. In kuwa ya ce ba shi ba ne, za a tambaye shi wane ne, kuma mutum biyu ne kawai a ɗakin toya kurban ran nan. Ya ce ya dawo daga ɗebo ruwa, ya tsaya a bakin ƙofa da tulu a kafaɗa, ya ga abin da ya gani.

Ya ce, "Kawu ba shi da gona, ba shi da ɗa. Abin da yake da shi shi ne in ya ce ga yadda aka yi, gari ya yarda. Ba ni zan karɓe masa wannan ba."

Shekara goma sha shida ina aurensa, sai shekaranjiya na ji. Ban rubuto don in ci mutuncinku ba. Amma kuna ta aiko masa da faɗa, kuma ku ne ƙofar da ta tare shi.

Ku yafe mini tsaurin ido.

'Yarku, Nargis.

*

Nazlat Tadros, 6 ga watan Amshir

Zuwa ga Shuhdi da Nargis.

Salamar Almasihu. Nargis ta nemi mai riƙe baki. 'Yata, Fahim ne ya karanta. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya ce, "Ammu, in kore mutane?" Akwai mutum uku a kan benci, ɗaya da kumfa a fuska. Na ce kore su. Da ya gama, na tashi na tafi gida. Kwana huɗu ban fito ba sai zagayen tsakar gida. Yau na dawo na ce ya ɗauki alƙalami. Ya ce, "Ka san ni fa, bakina ba ya riƙe ruwa." Na ce shi ya sa na zo wurinka.

Rubuta, Fahim.

Ranar idin cocinmu ce, Bishop na wancan zamani ya zo. An yi sanyin da ban taɓa gani ba. Ni da kai, Shuhdi, muka kwaɓa gari da ruwa da yisti kamar kullum, muna karanta Zabura, muka rufe. Kwaɓin ya ƙi tashi. Gari ya waye, ana ta buga ƙararrawa, kwaɓi na nan kwance kamar laka. Kowa ya san kurban ranar ake toya shi, ba a kai na jiya bagade. Na aike ka rijiya. Na zaga gida, na iske kwaɓin gurasar marigayiya matata ya tashi har yana ture murfi. Na yanki dunƙule na ɓoye a hannun riga. Na san da gishiri a ciki. Na ce ɗan kaɗan ne, zai ɓace. Na cuɗa shi a cikin na coci. Ya tashi. Na buga hatimi, na huda huda biyar, na toya. Ban taɓa fitar da kurban mai kyan wannan ba. Bishop ya juya su yana zaɓa, har ya yi murmushi.

Sai da aka gama addu'a duka, aka kai baki, Abuna Salib ya ɗago ya dube ni.

A farfajiya, gaban maza, ya ce, "Wa ya kwaɓa?" Na ce, "Shuhdi na bar wa kwaɓi." Ka dube ni. Na ɗauka kallon mai ruɗewa ne. Shekara ashirin da biyu ina gaya wa kaina ba ka sani ba, ka ɗauka kai ne ka yi kuskuren da ba ka tuna ba. Aka hana ka farar rigar hidima shekara guda. Ba ka jira ta cika ba, ka hau jirgi. Uwarka ta mutu tana cewa ɗanta ya kunyata ta. Ina zaune gefen tabarmarta, na ji da kunnena, ban buɗe baki ba.

Na san ranar haihuwar kowa a garin nan. Na san iyakar kowace gona da wanda ya dasa kowane dabino. Alƙali ya taɓa karɓar maganata ba takarda. Wannan kaɗai na riƙe a juye.

Ban taɓa furta wa Abuna Salib ba. Kowane azumi in durƙusa gabansa in kawo masa fushi da gulma da ƙyashi, in bar wannan a gida. Yanzu ya tafi.

Kwanakin nan ina ta tunani. Firist shi ne wanda za a zuba wa ƙazantar gari a kunne ya mutu da ita bai faɗa wa ko matarsa ba. Ina neman misalai a raƙumi da ruwan gona, ashe wanda aka fi daɗewa ana shiryawa yana gabana, kuma a kan bayansa na ɗora nawa kayan. Ban ce Allah ne ya sa ni ƙarya ba. Ƙaryar tawa ce. Abin da ya yi da ita a cikinka, wannan nasa ne, ni ba ni da lada ko ƙwaya.

Ranar Lahadin da Sayyidna zai zo, kafin Ayyad ya buɗe baki, zan tashi in faɗa da kaina. Za su karɓe makullin ɗakin kurban. Ayyad zai ce a sake duba iyakar gonarsa tunda ni na shaida. Su yi. Ko ka zo ko kada ka zo, zan faɗa. Ba na sake ce maka ka taho. Ba ni da bakin.

(Ni Fahim: ku yi haƙuri da rubutun. Ya ce in baza a gari. Karo na farko a rayuwata an ba ni labari na kasa fitar da shi.)

Ku yi mini addu'a, in kuna iyawa.

Bisada.

*

Iskandariya, 19 ga Fabrairu, 1979

Kawu,

Salama. Na ɗauka na yafe maka tun tuni. Da na karanta abin da ka faɗa game da Inna, na yi fushin da ban yi ba shekara ashirin da biyu. Kwana uku ban iya yin addu'a ba. Har yanzu bai gama sauka ba, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ban san amsar da zan ba Sayyidna ba tukuna. Wanda ke ɗauke da irin wannan fushi, ban sani ba ko ya kamata a ɗora masa hannu. Zan faɗa masa yadda nake, shi ya yanke.

Amma kada ka tashi a coci kai kaɗai. Ƙafafunka ba su da ƙarfi, kuma Ayyad ba shi da tausayi. Muna shigowa jirgin Alhamis, ni da Nargis. Ka jira ni. In za ka faɗa, ina tsaye kusa da kai.

Ɗan ƙanwarka,
Shuhdi.