Na'urar Kwantum da Cinyar Sa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigida da yara? Mu a unguwar New Bell lafiya lau, sai rikicin nan da ya kashe kasuwa.

Wani mayaudari ya kafa tebur a babbar kasuwa, Marché Central, da na'ura wai sunanta kwantum: ka riƙe ƙarfe, ta faɗi cutarka. Ya ce Inna ba ta da hawan jini, sai ta ajiye maganinta! Ɗanki mai karatun kimiyya ya ce na'urar kwantum ta gaskiya a ɗakin bincike take, tana auna maganaɗisun zuciya. Sai na ɗora ƙarfen kan cinyar wani sa da na yanka. Na'urar ta ce wai san yana da ciwon suga, ya rage shayi!

Inna ta koma shan magani. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninki,
Bala