Baba Sarkin Kasuwa, A Ɗauke Dayis Kafin Ƙunshin Yaya Murja

Zuwa ga Baba Sarkin Kasuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa cikin ladabi, ina yi muku barka da aiki da fama da jama'a. Yaya iyali, yaya gona? Allah ya sa mu ga kaka lafiya.

Sunana Nafisa, daga Likoro. Ba ku san ni ba, domin ko na shigo kasuwa kaina a sunkuye yake. A gida ma ba a cika jin muryata ba, in ba a ga ina aiki ba to ina ƙuryar ɗaki da littafin soyayya. Da ina da bakin zuwa gabanku da na zo, amma na san ina durƙusawa maganar za ta maƙale. Shi ya sa na rubuta, na roƙi a karanta a bainar jama'a.

Kukana a kan baƙin garin ƙunshin nan ne da ake kira dayis, wanda ake sayarwa a layin masu kayan kwalliya, ƙulli-ƙulli a farar leda, ba suna, ba takarda, ba wanda ya san daga inda ya fito.

Na farko, abin da ya same ni. A littattafan da nake karantawa, duk yarinyar da ake so sai an ce baƙin lalle ya kwanta a kan zara-zaran yatsunta. Na daɗe ina kallon hannuna ina ayyana haka. Da Ƙaramar Sallah aka yi mini zanen fulawa da dayis, ya yi kyau, ba abin da ya faru, har ban so in yi wanke-wanke ba. Da Babbar Sallah na sake. Ana zanawa na ji raɗaɗi, mai ƙunshi ta ce in yi shiru, kamawa yake yi, lallen da bai yi zafi ba ai ba lalle ba ne. Duk matan da ke wurin suka ce haka ne. Kafin a gama suyar nama hannuna ya tashi, ƙuraje masu ruwa suka bi zanen daidai, ganye a wurin ganye, reshe a wurin reshe. Na yi kwanaki ba na iya riƙe cokali, alwala ma sai Inna ta zuba mini ruwa. Gwaggo Asabe, yayar babanmu, ta ce kambun baka ne, wa ya ce in riƙa ɗaga hannu ina nuna wa mutane.

Da ya warke sai tabo ya zauna, fulawar nan sak, amma fari-fari kamar ƙuna. Da sunan ɗan maƙwabta ya zo, Gwaggo ta ce ba zan shiga mutane da hannu kamar na mai kyasbi ba, a bi kan tabon da dayis a rufe shi. Ba da mugunta ta faɗa ba, Baba, rufin asiri take nema mini. Ni ma na so a rufe. Aka bi zanen da wani sabon ƙulli. Ba a jima ba leɓena ya kumbura, idanuna suka rufe, na ji kamar an ɗaure mini wuya da igiyar guga. Ina jin Inna tana salati, ina so in ce mata numfashi ne ya ƙi, ba hali. A kan mashin aka kai ni asibiti, Inna na riƙe da ni ta baya. Babu littafin da na taɓa karantawa da ya faɗi wannan.

Na biyu, abin da ma'aikaciyar jinya ta gaya mana. Ta ce wannan garin ba lalle ba ne, rini ne irin na gashi, ba a yi shi don a kwaɓa da kauri a ɗora wa fata ba. Ta ce jiki yakan yi shiru karon farko, sai ya riƙe abin, in an sake ya tashi da faɗa, kuma kowane karo yana iya fin na baya. Duk wadda ta taɓa jin ƙaiƙayi ko ta ga ƙuraje, ta ce, kada ta ƙara kusantarsa har abada. Wannan ne mutanenmu suka kasa yarda da shi. Sai su ce ai wance tana yi shekara da shekaru. Ni ma ai na yi lafiya lau karon farko.

Na uku, kuma shi ne ya sa na cire kunya. Yayata Murja za a yi bikinta da an yanke dawa. Wanda take so za ta aura, tana cikin murna. Da Babbar Sallah tare aka yi mana zane, kuma na ga ƙuraje a wuyan hannunta, tana sosawa tana jan hijabi a kai. Ta sa na yi alkawari ba zan faɗa ba. Kun san ƙunshin amarya, hannu har gwiwa, ƙafa har ƙwauri. Na ce a yi mata jan lalle na ganye, ga shi nan a bayan gidanmu. Gwaggo ta ce amarya da jan lalle kaɗai sai ka ce tsohuwa za ta ta'aziyya, dangin miji su raina mu. Ta ce ni jinina ne mara kyau, kuma littattafai sun juya mini kai. Aka yi dariya. Yaya ma ta yi, amma ba ta kalle ni ba.

Ba na neman a tozarta mai sayarwa. Na ga zanen a hannun 'yarsa, ina jin shi ma bai sani ba. Mai ƙunshin ma yatsunta duk sun tsage, tana cewa sanyi ne.

Baba, a gidanmu maganata ba ta kai ta kaza ba, amma taku ana ji. Ina roƙo ku sa a kwashe ƙullin nan daga kasuwa. Ku sa mai shela ya zaga ranar kasuwa ya faɗa da sunanku cewa raɗaɗin nan ba kamawa ba ne, guba ce. Ku gayyato ma'aikaciyar jinya ta zauna da masu ƙunshi. Idan ana son shaida, zan zo in buɗe hannuna a gaban kowa, ko da kunya za ta kashe ni. Don Allah a yi kafin a fara yankan dawa, domin Gwaggo ta riga ta yi wa mai ƙunshi magana.

Na san na karya alkawari, na kuma faɗi sunan Yaya a kasuwa. Wataƙila ta tafi ɗakinta ba ta yi mini sallama ba. Na yarda. Ta yi fushi da ni shekara goma, in dai tana numfashi.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya tsare 'ya'yanku da jikokinku, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Wassalam.

'Yarku,
Nafisa